Lamba Biyu a Gaban Sunan Baba Bitrus

Hajiya Barakatu ta ce ni tsoho ne mai taurin kai, ban kuwa musa mata ba. Ita ce shugabar wata ƙungiyar masu sayar da hatsi a Malumfashi, ta ɗauke ni in gina musu shafin intanet mai magana da harsuna huɗu: Hausa, Turanci, Fulatanci, da Faransanci saboda masu saye da ke zuwa daga Maraɗi. Aikin ba baƙo ba ne a wurina. Ba shafi huɗu ake ginawa ba, ɗaya ne. Jimlolin ake tarawa a rumbu cikin uwar na'urar da shafin yake zaune a kanta, kowace jimla da 'yan'uwanta uku, in mutum ya buɗe sai uwar ta ɗebo masa nasa ta jera ta miƙo masa. Wuri ɗaya muka saɓa da Hajiya. Ita so take na'ura ta duba garin da mutum yake da sunan da ya yi rajista da shi, ta zaɓa masa harshe da kanta. Ni kuwa na kafe sai an tambaye shi.

"Haba Malam Maiwada," in ji ta. "Wanda ya buɗe daga Maraɗi ai Faransanci zai so. Wannan ma sai an tambaya?"

Na ce mata sai an tambaya. Ta ce in ba ta dalili, na ce dalilin ya yi tsawo, ba na tsaye ba ne. Gaskiyar magana ita ce kunya ta hana ni faɗa mata, don dalilin nan mutum ne, sunansa Baba Bitrus Atu.

A shekarar 1988 ina da shekara ashirin da bakwai, na fito daga makaranta a Kaduna da takardar sanin kwamfuta, kaina ya fi hulata girma. Na sami aiki a Funtua, a Ƙungiyar Manoman Masara ta Alheri, mai mambobi sama da dubu uku tun daga Dandume har ƙasar Kafur. An ba ƙungiyar kyautar kwamfuta guda ɗaya, aka keɓe mata ɗaki mai na'urar sanyi, alhali manajanmu kansa da mafici yake fifita. Duk mai shiga ɗakin nan sai ya cire takalmi. Ba ni na kafa dokar ba, amma ban hana ba, don tana yi mini daɗi.

Kafin zuwana, in za a sanar da manoma wani abu, da Hausa ake bugawa a tafireta a raba wa kowa. To a shekarun nan masara ta yi daraja, 'yan kasuwa Yarabawa da Ibo na cikin Funtua da yawa sun sayi gonaki sun shiga ƙungiya, wasunsu suka fara ƙorafin ba sa gane takardun. Manajanmu Alhaji Buba, mutum mai son a ce ƙungiyarsa ta sha gaban kowa, ya kira ni ya tambaya ko na'urar za ta iya rubuta wa kowane manomi da harshensa. Na ce za ta iya. Ya ce wata nawa? Na ce wane wata, ranka ya daɗe, sati biyu.

Dabarar da na yi a lokacin ita ce dai wadda nake ci da ita har yau. Na tara duk jimlolin da ƙungiya ke amfani da su, na ba kowacce lamba, na sa aka fassara mini su. Sannan na rubuta wa na'ura umarni: in za ki buga wa manomi takarda, ki fara duba lambar da ke gaban sunansa. Ɗaya Hausa, biyu Turanci, uku Yarbanci, huɗu Ibo. Cikin kwana tara na gama, ina ta jin kaina. Sai da na jawo akwatunan katin rajista don in shigar da lambobin na ga inda gizo ke saƙa. Katin yana da suna, da ƙauye, da girman gona. Babu inda aka tambayi mutum da wane harshe yake karatu.

Abin da ya kamata sananne ne. In koma wurin Alhaji Buba in ce na yi gaggawar baki, a ba malaman gona takarda su zaga su tambayi kowa, a ɗauki wata biyu ko uku. Amma na riga na ce sati biyu a gaban mutane, kuma a lokacin gara in haɗiye garwashi da in haɗiye maganata. Sai na ce wa kaina ai suna ma shaida ne. Na zauna kwana uku ina bin kati ɗaya bayan ɗaya. In na ga Musa ko Lawal, ɗaya. In na ga sunan Yarabawa, uku. Sunan Ibo, huɗu. In kuwa na ga Bitrus ko Isaiah ko Susana, sai in ce waɗannan 'yan mishan ne, sun sha boko, in danna biyu in wuce.

Allah bai bar ni ba gargaɗi ba. Ranar gwaji na buga wa ma'aikatan ofis da ke da gona takardunsu. Cikinsu akwai Raufu, mai kula da sito, abokin cin abincina kuma abokin tsokana. Iyayensa daga Ogbomosho suka zo, amma shi a Funtua aka yanke masa cibiya, Hausarsa ta fi tawa gishiri. Ya karɓi tasa, ya juya ta sama, ya juya ta ƙasa.

"Maiwada, wannan kuma wace sura ce?"

"Yarenku ne mana. Ba ka gode ba?"

"Yo ni Yarbanci a baki nike da shi, shi ma na zagi da na abinci. Ban taɓa karanta shi ba tunda uwata ta haife ni. Wa ya ce maka in sunana Raufu sai na iya?"

Ofis ya ɗauki dariya, ni ma na yi. Na shiga ɗakin sanyi na mayar da ukunsa ɗaya, na fito na miƙa masa sabuwa da Hausa. Ya karanta, ya gyaɗa kai, sannan ya dube ni ba dariya.

"To sauran fa?"

"Kai kaɗai ne bauɗaɗɗe," na ce masa. Aka sake dariya, maganar ta wuce.

A satin nan ne Baba Bitrus ya zo karɓar irin shuka. Daga Unguwar Atu yake, wata 'yar unguwa mai gidaje goma sha biyar a bayan Gozaki, yawancinsu Hausawa Kirista. Dogo ne, siriri, ya haura sittin, kullum da fensir a maƙale bayan kunne. Duk shekara shi ke zuwa ya karɓar wa unguwarsu iri, shi ake danƙa wa takardunsu, don shi ne mai karatunsu. Wasiƙar ɗan da ke soja, sammacin kotu, takardar asibiti, duk hannunsa suke bi, har Musulmin da ke maƙwabtaka da su nan suke kawo nasu. Ran Lahadi shi ke karanta Littafi Mai Tsarki a majami'arsu, don ba su da fasto. Ba shi da sarauta, ba shi da shanu, gonarsa ma ba ta fi ta kowa ba. Abin da ya mallaka a duniya shi ne wannan magana da mutanensa ke yi: in Bitrus ya karanta, haka takarda ta ce, ba ƙari ba ragi.

Ya ji labarin na'ura, ya roƙa a nuna masa. Ya cire takalmansa na taya a bakin ƙofa, ya shigo yana ɗari-ɗari, ya tsaya ya daɗe yana kallon rubutun da ke gudu a fuskar gilashi.

"Ɗana, tana jin Hausa kuwa?"

"Baba, har ta fi ni."

"Madalla. To a gaishe ta."

Mun fi rabin sa'a muna hira. Na san yana karatu, ban tambayi kaina da wane harshe ba, ban kuma tambaye shi ba. A kaina ɗan mishan da Turanci Hassan da Husaini ne. Ban san cewa malamin da ya koya masa karatu tun zamanin Turawa da Hausa zalla ya koya masa ba. Ya sa takalmansa, aka ɗora masa buhuna goma sha biyu a mota, ya tafi.

Ƙarshen watan Mayu, ruwa ya fara sauka, saƙo ya zo daga masu kawo mana iri. An yi kuskure wajen lodi. Duk buhun da ke da lamba goma sha huɗu ba irin ƙasarmu ba ne, na kurmi ne, wanda sai ya sha ruwan kusan wata shida kafin ya nuna. Mu kuwa damunarmu ba ta kai haka. Alhaji Buba ya shigo ɗakin sanyi har ya manta bai cire takalmi ba. Na ce ya kwantar da hankalinsa. Na tambayi na'ura su wa suka karɓi lamba goma sha huɗu, ta ba ni mutum arba'in da ɗaya. Kafin azahar ta buga takarda arba'in da ɗaya, kowacce da harshen mai ita, tana cewa kada a shuka, a dawo da buhu a karɓi wani, wanda ya riga ya shuka kuma ya zo a ba shi na sakewa. Washegari motar ƙungiya ta zaga ta raba. Alhaji ya yi ta nuna ni ga baƙi yana cewa wannan yaro ya cece mu.

Kwana goma bayan haka Raufu ya leƙo ɗakina da littafin sito a hammata.

"Buhu ashirin da tara sun dawo. Sha biyu shiru. Duk na Unguwar Atu ne."

Na ce zan duba. Da ya fita na kira sunayen a fuskar na'ura. Bitrus Atu, biyu. Isaiah Jibo, biyu. Na bi su har goma sha biyun, kowanne biyu ce a gabansa. Muryar Raufu ta dawo mini, yana cewa to sauran fa.

Ba na manta ranar, tara ga watan Yuni ce. Na faɗi ranar ne don a san akwai sauran lokaci. Ko da sun riga sun shuka, da an je an gaya musu, da sun tuge sun sake da wani irin, ko su zuba dawa. Babur ɗin ofis yana tsakar gida da mai a cikinsa, Gozaki kuwa ba Makka ba ce, kafin la'asar na je na dawo. Amma kafin in ɗauki babur sai na gaya wa Alhaji Buba dalili, dalilin kuwa shi ne yaron da ya cece su ya yi kwana uku yana duba da sunayen mutane kamar boka. Sai na fara lallashin kaina. Ai akwai malamin makaranta a Gozaki. Ai ba za a rasa mai Turanci cikin 'yan mishan ba. Wataƙila sun karanta sun ajiye buhunan sun shuka irin bara, ƙyuyar dawowa ce kawai. Na yi ta jera wa kaina waɗannan har na kusa yarda. Sannan na mayar da biyun nan goma sha biyu kowacce ta zama ɗaya, na bi sauran ƙauyukan Kirista na gyara su ma, na kashe na'ura na tafi cin abinci. Da Raufu ya sake tambaya na ce masa ina jin sun shuka na bara.

Masarar Unguwar Atu ta yi kyan da ba a taɓa gani ba a ƙasar Kafur. Labarinta har Funtua. Direbanmu ya ce ta wuce rufin ɗaki, ganyenta kore shar, mutanen Gozaki na zuwa kallo suna cewa ƙungiya ta yi son kai, ta ba Kirista iri na musamman. Kowa ya ji labarin murna yake yi ko hassada. Ni kaɗai na san abin da wannan tsayi yake nufi. Har a lokacin ban buɗe baki ba. Na ce yanzu kam lokaci ya wuce, faɗar ba ta da amfani, wannan kuwa ya fi mini sauƙi da kowace hujja.

Satin farko na Oktoba ruwa ya ɗauke. Masarar kowa ta bushe da ƙwaya, tasu kuwa lokacin ta fara goyo. Ta tsaya nan tsaye ta bushe da tsayinta.

Isaiah Jibo ne ya zo ofis, gajeren mutum mai zafin rai, ya jefa goyon masara a kan teburin Alhaji Buba. Aka ɓare shi, ba ƙwaya ko goma. Washegari da hantsi muka shiga mota, ni da Alhaji da Raufu. Muka tarar da magidantan unguwar zaune a gindin wata ɗorawa, mata na tsaye daga nesa. Bayan gaisuwa Isaiah ya miƙe ya zazzage abin da ke cikinsa, ya ce ƙungiya ta sayar musu da yunwa a buhu. Alhaji ya bari ya gama.

"Mun aiko muku da takarda tun watan Mayu, mun ce kada ku shuka. Kowa ya dawo da nasa sai ku."

Sai kawuna suka juya wuri ɗaya. Baba Bitrus ya tashi a hankali ya shiga gida, ya fito da Littafinsa Mai Tsarki, ya zaro takardu goma sha biyu a ninke daga cikinsa ya miƙa wa Alhaji. Alhaji ya buɗe ɗaya, ya buɗe ta biyu, ya juyo gare ni.

"Maiwada, me ya sa nasu da Turanci?"

"Haka rajistarsu ta nuna a na'ura, ranka ya daɗe."

Ba ƙarya na yi ba, kuma ban taɓa yin ƙaryar da ta kai wannan muni ba. Alhaji bai san cikin na'ura ba, a zamanin nan kuwa in an ce na'ura ta ce, magana ta ƙare. Ya gyaɗa kai. Raufu ne kawai ya dube ni, na kau da kai ina kallon tayar mota.

Sai Baba Bitrus ya gyara tsayuwa, ya cire hularsa.

"Alhaji, kada a ɗora wa na'ura. Laifina ne. Da takardun suka zo, kowa ya kawo mani tashi kamar kullum. Na duba, na ga ba da Hausa ba ce. Malamin makaranta ya tafi garinsu jinyar uwa tai, ruwa kuwa ya sauka, kowa na jiran bakina. Na ga hatimin ƙungiya, na ga kwanan wata, na ce masu ina jin ta shuka ce irin ta kowace shekara. Ban ce masu ban iya karanta ta ba. Kunya ta hana ni."

Isaiah ya matso har gabansa. Muryarsa ta sauka, wannan kuwa ya fi ihun ciwo.

"Bitrus, shekara talatin muna kawo maka takarda. Nawa daga ciki ka karanta mana da ka?"

Na san amsar, ko ɗaya, sai wannan da na jefa shi ciki. Ina tsaye taku uku daga gare shi, bakina cike da maganar da za ta raba masa kayan nan biyu, na haɗiye ta. Ƙungiya ta ba su taimakon 'yan buhunan dawa, abin da bai kai su ko tsakiyar rani ba. Samarinsu suka fita cin rani tun kafin lokaci, awakin unguwar suka ƙare a kasuwar Malumfashi.

Raufu bai tona ni ba. Abin da ya yi ya fi tonawa zafi, ya daina tsokanata. Yakan gaishe ni da ladabi kamar baƙo, ya ɗauki kwanonsa ya tafi sito ya ci shi kaɗai. Wata shida ina ɗauke da abin nan. Alhaji ya sa an zaga an tambayi kowa harshensa, ni na tsara takardar tambayar ma, aka yaba mini da hangen nesa. Unguwar Atu ce kaɗai ba ta dawo da tata ba, na kuwa san dalili, babu wanda za su kai wa ya cike musu.

Watan Afrilu, kafin ruwa, na ɗauki babur ɗin da na ƙi ɗauka bara. Na isa da rana tsaka. Matarsa Susana na tarar a ƙofar gida tana sheƙar 'yar dawa a faifai. Ta gane ni, ta kawo mini ruwa. Na tambayi Baba.

"Yana bayan gida. Kullum can yake wuni yanzu. Ba mai kawo mashi takarda, gara su taka har Gozaki. Ran Lahadi ma wani ke karatu, shi yana bencin baya." Ta ci gaba da sheƙarta. "Yunwa mun saba da ita, ɗana. Wannan ce ba mu saba ba."

Na same shi a inuwar rumbu, zaune a kan buzu, ya rame. A cinyarsa akwai wani ɗan littafi mai hotuna, na koyon Turanci na 'yan aji biyu, yana bin layi da yatsa yana motsa baki. Da ya gan ni fuskarsa ta washe, ya matsa mini wuri.

"Mai na'ura! Sannu da zuwa. Yaya take?"

Na ce lafiya lau take. Ya laluba aljihu ya zaro takardar da muka aiko ta rabon irin bana, ya buɗe mini. Da Hausa take.

"Ka gani? Ta gane ni. Bara ta ɗauke ni cikin masu ilimi, ta rubuto mani da Turanci, na ba ta kunya. Bana ta maida ni inda na dace. Ban ga laifinta ba." Ya ɗaga ɗan littafin. "Amma ina ƙoƙari. Malamin makaranta ya ara mani. Kan ya tsufa, ba ya riƙewa, amma in na iya zan aiko maka, ka gaya mata ta maido ni."

Na zo da jawabi a shirye, na yi ta maimaita shi a kan babur, amma wannan magana ta watsa shi. Tsoho mai shekara sittin da wani abu yana haddar littafin yara don ya wanke kansa a wurin akwatin ƙarfe. Na durƙusa a gabansa.

"Baba, na'ura ba ta san ka ba. Ba ta san kowa ba. Ni ne."

Na faɗa masa duka. Katunan da ba su da gurbin harshe, da sati biyun da na yi alkawari, da kwana ukun da na yi ina duba da suna. Na faɗa masa gargaɗin Raufu. Na so in tsaya nan, amma na ci gaba na faɗa masa ranar tara ga Yuni, da babur mai mai a tsakar gida, da abincin da na tafi ci. Bai katse ni ba. Da na gama ya rufe ɗan littafin, ya ajiye shi a gefe a kife.

"Ran da na zo na cire takalmi na gaida ta, ka riga ka sa mani lambar?"

"Na riga, Baba."

"Ina tsaye gabanka."

"Kana tsaye."

"Da ka maida ni Hausa fa, wa ka tambaya?"

"Ban tambayi kowa ba."

"To sau biyu ke nan," in ji shi.

Bai ɗaga murya ba, bai zage ni ba. Da ya zage ni da na sami abin riƙewa. Na ce ya ba ni izini in tara mutanen unguwa in faɗa musu abin da na faɗa masa. Ya ce in je in faɗa, gaskiya ba ta neman izini, amma kada in ɗauka zai wanke shi, don bakinsa ne ya ce musu yana jin takardar shuka ce, ba nawa ba.

Na tara su a gindin ɗorawar nan, na faɗa. Wasu suka yi tsaki, wata tsohuwa ta ce Allah ya isa. Isaiah ya saurara har ƙarshe, sannan ya ce, "Naka daban, nashi daban. Kai ba mu taɓa ba ka amana ba." Suka watse. Da na koma Funtua na faɗa wa Alhaji Buba, ya yi faɗa kamar zai ari baki, amma bai kore ni ba, don babu wani mai iya taɓa na'urar. Ko hukuncin ma ban samu ba. Raufu ya dawo da kwanonsa teburina bayan sati guda, sai dai tsokanar ba ta dawo kamar da ba.

Kafin in bar Unguwar Atu a ranar, na koma bayan rumbu in yi sallama. Takardar tambayar nan tana aljihuna, na zaro ta da biro. Na ga ko ba komai in yi abin da ya kamata in yi tun farko.

"Baba, da wane harshe kake so a riƙa rubuto maka?"

Ya ɗago ya dube ni. Ya zare fensirin da ke bayan kunnensa, ya jujjuya shi a hannu, ya sa a aljihu.

"Yanzu kake tambaya? Bar wurin haka nan, ɗana. Wa zan karanta mawa?"

Na bar gurbin fayau. Shekara biyar bayan haka ya rasu, Susana ta aiko mini, na je gaisuwa. Ta ce har ya koma ga Ubangijinsa ba wanda ya sake kawo masa takarda.

Shafin Hajiya Barakatu ya fara aiki watan jiya. Duk wanda ya buɗe, ko daga Maraɗi yake ko daga Matazu, ko sunansa Musa ko Bitrus, abin da zai fara gani tambaya ce guda a rubuce da harsuna huɗu, uwar na'ura kuma ba za ta ɗebo masa ko jimla ɗaya ba sai ya amsa da kansa. Hajiya har yanzu tana mita, ta ce ana ɓata wa masu saye daƙiƙa biyu a banza. Ta yi gaskiya, daƙiƙa biyu ne. Su ne ban ba Baba Bitrus ba, yana tsaye a gabana ba takalmi.